Yadda Za Ki Rubuta Fim a Kan Sirrin da Ke Tsakanin Uwa da 'Yarta

Ranar da na kammala rubutun farko na fim ɗina, na kwashi takardun na nufi Rafindaɗi wajen Goggona, yayar mahaifinmu, don in karanta mata. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na yi ta karatu har na iso wurin da uwa ta zaunar da 'yarta a bakin gado, ta kama hannunta, ta yi mata bayani shafi uku cur a kan yadda aka yi ba ita ta haife ta ba. Ina karantawa muryata na rawa. Goggo ta ɗago kai ta ce, "Wannan matar 'yar ina ce?" Na ce Bakatsiniya ce. Ta ce, "A'a. Bakatsiniya ba ta zaunar da ɗiya ta zazzage mata cikinta haka. Ko mutuwa za ta yi, sai dai ta ƙulle wani abu a bakin zane ta ce a ba ki." Ta mayar da kanta kan wakenta.

Wata bakwai na yi ina sake rubutun nan saboda wannan magana. Abin da na koya a cikinsu shi zan shimfiɗa a nan, ga duk wadda ke son rubuta fim a kan uwa da 'ya da abin da aka binne a gida. Da mata nake magana domin su suka fi aiko mini da tambaya, amma namijin da ke da irin wannan labari a ransa duk abin da zan faɗa ya shafe shi.

Fara da sirrin da gida zai iya riƙewa

A gidan Bahaushe da wuya ki samu sirrin da mutum ɗaya tak ya sani. Abin da muke kira sirri shi ne wanda manya duk sun sani, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, ciki kuwa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Saboda haka kafin ki rubuta layi ɗaya, ɗauki takarda ki amsa tambayoyi uku: su wa suka sani, me ya hana kowannensu faɗa, me zai rushe ranar da aka faɗa. Kowane mutum ki ba shi dalilinsa daban. Wani tsoro ne ya rufe masa baki, wata alkawari ta ɗaukar wa mamaci, wani kuma yana cin moriyar shirun.

Ba sai kin je nesa neman sirrin ba. Riƙo yana nan, da yaye, da saki, da auren fari da ba a son tuna shi, da jaririn da ya koma ba a sake ambatarsa ba. Shayarwa ma babbar ƙofa ce: a mazhabar Malikiyya da muke bi, ko sau ɗaya nono ya isa cikin jariri a shekarun shayarwa, an zama 'yan'uwa, aure ya haramta. Tsohuwar da ta san ta taɓa ba ɗan maƙwabciya nono, ga shi yau ya kawo kuɗin gaisuwar 'yarta, ta riga ta ba ki fim guda.

Nawa labarin ga shi a taƙaice, don da shi zan riƙa ba da misali. Wani ɗan kasuwa a Daura yana da uwargida da ba ta haihu ba. Ya yi amarya, ta haifi mace, na sa mata suna Binta a rubutun. Ana yaye yarinyar aure ya mutu, amarya ta koma ƙauyensu, aka bar 'yar a hannun uwargida. Maigida ya kwashe iyalinsa ya dawo Katsina. Daga baya Allah ya ba uwargida 'ya'ya maza biyu. Binta ta tashi tana kiranta Inna, ta yi aure daga ɗakinta, ta yi wankan jego a gabanta, har ta kai shekara hamsin ba ta san komai ba.

Ki lura da dalilin da ya sa na tashe su daga Daura. Babban abokin gabar sirri a gidajenmu shi ne gori. Yarinya ba za ta yi shekara goma a unguwar da aka haife ta ba tare da wata ta goranta mata a bakin rijiya ko a hanyar makarantar allo ba. In ba ki toshe wannan ƙofa ba, mai kallo zai ce ƙarya ne tun kafin a yi nisa. Ki lura kuma ban taɓa nasabar uba ba. Uban Binta ubanta ne, da sunansa ake kiranta kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni. Uwar kawai aka ɓoye.

Je ki zauna da tsofaffi

Wannan shi ne aikin da masu rubutu suka fi gudu, kuma shi ne rabin fim ɗin. Ki nemi tsofaffin mata uku ko huɗu, na danginku da waɗanda ba na danginku ba. Ki je da hantsi, bayan an karya, kafin a ɗora sanwar rana. Ki riƙe goro ko sabulu ko ɗan turare. Kada ki zauna a kujera kina fuskantarta da biro a hannu kamar mai ɗaukar ƙidaya. Ki zauna a tabarma, ki ja turmi ko faifai ki sa hannu a aikin da take yi. Bakin tsohuwa ya fi buɗewa in hannunta na aiki, idonta kuma ba ya cikin naki.

Kada ki tambaye ta abin da ya faru. Tambaye ta kaya. "Inna, da me aka yi miki jere?" "Wa ya raka ki ɗakin miji?" "Da aka yaye ki, gidan wa aka kai ki?" Daga kwalla da tasa da taskira za ta gangaro kan wadda ta saya mata su, daga nan kan wadda ta ƙi zuwa bikin, daga nan kan dalilin ƙin zuwan. In ta yi shiru, ki bar shirun. Na sha ɓata hira da gaggawar cike gurbi, alhali maganar da nake nema tana bayan shirun nan da numfashi biyu. In za ki ɗauki murya a waya, ki faɗa mata, ki ajiye wayar inda take ganinta. In ta ce a kashe, ki kashe, abin da ta faɗa bayan nan kuma amana ne.

Tsofaffinmu ba sa lissafi da lambar shekara, da abin da ya faru suke yi, don haka ki san fassararsa. In ta ce lokacin yaƙin basasa, tsakanin 1967 da 1970 ke nan. Shekarar canjin hannu, da motoci suka koma bin dama, 1972 ce. Canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a farkon 1973 aka yi, amma ki tambaya da kyau, don an sake canza launin takardun kuɗi a 1984 zamanin mulkin soja na Buhari, wasu shi suke nufi. Babban farin da ya kashe dabbobi a farkon shekarun 1970 ne. Rasuwar Sarkin Katsina Usman Nagogo 1981. "Da aka ba mu jiha" kuwa 1987, lokacin da aka cire Katsina daga Kaduna. Da waɗannan turaku za ki ɗaure shekarun mutanen labarinki, kuma haka za ki sa su faɗa a fim. Inna ba za ta ce an haifi Binta a 1973 ba. Cewa za ta yi, "Da sabon kuɗi aka yi mata barka."

Sai batun amana. Abin da kika ji na mutane ne masu rai da 'ya'ya da surukai. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana mu bin diddigin asirin juna da cin naman juna, fim kuwa ya fi kowace gulma nisan zango. Ki canza gari, ki canza sana'a, ki canza yawan 'ya'ya, ki haɗa labarin gida uku ya zama ɗaya, har sai wadda ta ba ki labarin ma ba za ta iya nuna gidan da yatsa ba. In labarin gidanku ne kai tsaye, ki nemi izinin wadda abin ya fi shafa. In ta hana, ki haƙura da shi.

Gina uwar kafin 'yar

Yawancinmu 'ya'ya ne lokacin da muka fara rubutu, shi ya sa muke ba 'yar duk gaskiya mu bar uwar da laifi. Ki juya abin. Ki zauna ki rubuta rayuwar uwar tun daga gidan ubanta, shafi biyar ko shida da ba za su shiga fim ba: shekararta nawa aka yi mata aure, me aka ce mata a shekarun da ba ta haihu ba, wa ya fara kiranta juya, me ta ji ranar da aka miƙo mata 'yar kishiya tana kukan nono. Sai kin iya kare ta a gaban alƙali sannan kin san ta.

Wani furodusa da na fara kai wa labarin ya ce yana so, amma a sa uwargida ta je wajen boka ta yi asirin da ya fitar da amarya, a ƙarshe asiri ya tonu ta haukace. Ya ce haka kasuwa ke so. Na karɓi takarduna na fito. In Inna muguwa ce, mai kallo zai zauna yana jiran ranar sakayya kawai, ba abin da zai taɓa shi. Ni Innar da nake so ita ce wadda ta yi goyon yarinyar nan har bayanta ya yi kanta, ta sayar da awakinta ta yi mata gara, kuma duk da haka ta tare hanya sau biyu lokacin da uwar ta aiko a kawo mata 'yarta ta gani. Ta yi alheri, ta yi zalunci, duka saboda so ɗaya. Irin wannan uwar kowa ya san ta.

Bari al'ada ta yi maganar

A nan ne maganar Goggo ta yi mini aiki. Tunda uwar ba za ta faɗa da baki ba, dole wani abu ya faɗa a madadinta, kuma babu abin da ya kai alkunya iya wannan aiki.

Kowa ya san uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ana zancensa sai ta kau da kai. To a fim ɗina Inna tana ƙwala wa Binta kira da sunanta tun daga zaure, tana yi mata kitso a gaban baƙi, tana cewa "Bintata". Amma ƙanen Binta, wanda kowa ke ɗauka shi ne na biyu, ba ta taɓa furta sunansa ba. "Wannan yaron" take cewa, ko "kai". In ya shigo gaishe ta, tana amsawa tana kallon bango. Ban sa kowa ya yi bayanin wannan ba, ko sau ɗaya. Na dai maimaita shi a fitowa huɗu cikin rabin awar farko. Duk macen da ta tashi a ƙasar Hausa za ta ji wani abu ya tsaya mata a rai kafin ta gane mene ne. Binta kuwa, ita a ganinta gata ne. Ta yi shekara hamsin tana alfahari da abin da shi ne shaidar cewa ba a cikin nan ta kwanta ba.

Ki nemi irin wannan a naki labarin. Wa ake zuba wa abinci a wane kwano? Wa ke shiga ƙuryar ɗaki ba sallama? Ranar suna wa ya ɓuya a ɗaki don kunya, wa ya fito yana rawa? Wa ya yi takaba wata huɗu da kwana goma, wa bai yi ba? Al'adunmu cike suke da wuraren da jiki ke faɗin abin da baki ya ɓoye.

Sannan ki zaɓi abu ɗaya da hannu zai iya ɗauka. Nawa 'yar ƙaramar tasa ce da amarya ta bari, wadda aka riƙa dama wa Binta koko a ciki lokacin yaye. Inna ta ɓoye ta a ƙasan adaka, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa. Abu ɗaya ya isa. In kika tara wasiƙa da hoto da zobe da laya, kowanne zai rage wa ɗan'uwansa nauyi.

Mantuwa da waiwaye

Abin da ke kwance ƙullin a labarina shi ne gigin tsufa da ya fara kama Inna. In za ki bi wannan hanya, don Allah ki rubuta shi da gaskiya. Na yi jinyar kakata ta wajen uwa shekara biyu a wannan hali, kuma yana yi mini ciwo in ga an mai da shi abin dariya ko hauka ko shafar aljanu. A wasu wuraren har maita ake laƙaba wa tsohuwar da ta fita da dare tana sambatu, alhali ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Nau'insa da ya fi yawa shi ne wanda likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906, ake kiransa da sunansa.

Ga yadda yake tafiya. Sabon abu ne ke fara zubewa, tsoho ya daɗe. Za ta manta ta ci tuwo yanzun nan, amma ta lissafa miki ƙawayen da suka yi mata zaman lalle. Za ta maimaita tambaya ɗaya sau goma. Za ta ɓoye kuɗinta ta manta, ta ce an sace. Da safe takan kasance garau, in rana ta yi sanyi zuwa magariba sai rikicewa ta ƙaru, ta ɗaure kayanta ta ce za ta tafi gida, gidan kuwa na ubanta ne da ya rushe tun tuni. Takan ɗauki 'yarta a matsayin ƙanwarta ko kishiyarta. Fatiha da ƙananan surori da waƙoƙin daka na ƙuruciya sukan zauna daram bayan sunayen jikoki sun tafi. Kuma ba ya warkewa don an girgiza mutum da wani labari. Kada ki rubuta fitowar da Inna za ta farka ta tuna komai ta nemi gafara da jawabi.

Amfaninsa ga labari shi ne mai gadin sirrin ne ya fara gyangyaɗi. Wata magariba Inna ta dubi Binta, ta gan ta da fuskar uwar da ta haife ta, ta ce, "Kin zo ɗaukarta? Ba ni ba da ta." Binta ta ɗauka sambatu ne. Mai kallo ya san ba sambatu ba ne.

Waiwaye kuwa, wato komawa baya a nuna abin da ya wuce, ki yi masa rowa. Uku kawai na yi a fim na minti casa'in. Kowanne sai wani abu ya jawo shi, ƙarar taɓarya ko ƙamshin kunun kanwa ko tasar nan. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce nuna rana ɗaya sau biyu. Ranar da amarya ta bar gida, a tunanin Inna, ajiye yarinyar ta yi ta fita ko waiwaye babu. A bakin ƙanwar maigida kuwa, ɓamɓare yarinyar aka yi daga jikinta a zaure. Ban faɗa wa mai kallo wadda ta fi gaskiya ba, don dukansu sun yarda da abin da suka tuna.

In kin koma baya ki tsare zamani. Fitowar 1971 ba a ambatar naira, sule da sisi ake yi. 'Yar Murtala, takardar naira ashirin, sai 1977 ta fito. Wayar hannu ta GSM ba ta shigo ba sai 2001. Ki duba bokitin roba da ledar ruwa da kwanon rufi mai launi da tauraron ɗan'adam a kan katangar maƙwabta, kada su fito a zamanin da ba nasu ba.

Ki ɗaura wa sirrin agogo

Sirrin da ya yi shekara hamsin yana iya yin sittin. Dole ki samo dalilin da ya sa yau ne zai fito. Nawa daga fiƙihu na samo shi, kuma sai da na zauna da malami sau biyu kafin na rubuta, ke ma ki yi haka. Riƙo ba ya sa gado. Ranar da Inna ta rasu aka zo rabo, Binta ba ta da ko allura a dukiyarta, kuma a gaban jama'a za a faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Inna ta san haka, ta kuma ji hankalinta na zamewa. Hanyar da ta rage mata ita ce wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji. Ga yadda fitowar ta kasance a takarda:

CIKI. ƊAKIN INNA. HANTSI.

Inna na zaune a kan darduma, ta yi lulluɓi. Liman da shaidu biyu na bakin ƙofa a kan tabarma. Binta ta taho da kwanon fura, ta tsaya bayan labule jin ana magana.

INNA: Sulusin abin da na bari, na ba Binta.

LIMAN: Hajiya, ai ba a yi wa magaji wasiyya. Rabonta na nan cikin gado.

Inna ta gyara carbinta. Shiru.

INNA: Na sani, Malam. Rubuta.

Liman ya dubi shaidu. Babban cikinsu ya sunkuyar da kai. Liman ya ɗauki alƙalami.

Bayan labule, ludayi na rawa a cikin kwanon da ke hannun Binta. Ta durƙusa a hankali ta ajiye shi a ƙasa.

Shafi ukun da na karanta wa Goggo su ne suka koma kalma huɗu a bakin Inna. Da na sake kai mata ta saurara, ba ta ce komai ba, sai ta ce in maimaita mata wurin.

Ki kula da yadda mutane ke kiran juna, don a nan ake gane marubucin da ya saurara. Binta ba za ta ce wa Inna "ke" gatsau cikin fushi ba, ko ranta ya kai maƙura. Fushinta a gaisuwa zai fito: ta durƙusa ta ce "Ina kwana" ta tashi ba ta jira amsa ba. In tsohuwar Bakatsiniya ce, ki bar ta ta ce ɗiya, da tahi, da lahiya, da mi, yadda kika ji a bakin waɗanda kika zauna da su. Jikokinta da suka yi boko kuma ki bar su da tasu Hausar.

Takarda da wurin ɗauka

Wannan ɓangaren ba shi da wuya. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, in an bi tsarin da aka saba na rubutu samfurin Courier mai girma 12. Kowace fitowa, wadda 'yan fim ke ce wa sin, tana farawa da layin da ke faɗin ciki ne ko waje, wane wuri, wane lokaci. Abin da ido zai gani ko kunne zai ji kawai ake rubutawa. "Binta ta ji baƙin ciki" ba aikin kamara ba ne, "Binta ta ajiye kwano" shi ne. Akwai manhajoji irin su Final Draft da Celtx masu tsara shafi da kansu, amma ko Word a waya ya wadatar. Ki sa allon rubutu na Hausa a Gboard don ƙ da ɗ da ɓ su fito, kada jaruma ta karanta ƙofa da kofa ɗaya.

Irin wannan fim bai da tsada in kin rubuta shi da hankali: gida ɗaya, mutum shida ko bakwai, fita waje kaɗan. Gidan ƙasa mai zaure da azara wanda siminti bai ci ba yana wuyar samu a cikin birni yanzu, sai an leƙa ƙauyukan kewaye, kuma ki je ki ga gidan kafin ki gama rubutu don ki san inda labule yake da inda murhu yake. Fim ne na shiru, don haka sauti ya fi hoto muhimmanci. Janareta ya yi nisa, a san lokutan kiran salla, a roƙi mai injin niƙa na maƙwabta ya ɗan dakata. Kada a fara ɗauka cikin hazon hunturu a ƙarasa da damina, bishiyar tsakar gida za ta tona asiri. Hasumiyar Gobarau da rijiyar Kusugu kuwa a nuna su in labari ya bi ta wurin, ba don a cike minti ba. Mata biyu za su fito a matsayin Inna, budurwa da tsohuwa, sai ki ba su ɗabi'ar hannu ɗaya. Tawa tana murza bakin mayafi da babban yatsa duk lokacin da za ta ɓoye magana. In an gama, a kai wa hukumar tace fina-finai kafin a saki: ta ƙasa tana nan tun 1993, ta Kano kuma tun 2001, ga wanda zai kai fim kasuwar can.

Kafin duk wannan, ki tara mata biyar ko shida masu shekaru daban-daban, ki raba musu matsayi su karanta da ƙarfi. Duk layin da ya maƙale a bakin mai karatu, ko kika ga ta canza shi da kanta, nata ne daidai.

Rufewa

Kada ki rufe da taron dangi ana kuka ana yafe wa juna. Bayan fitowar wasiyya na ba Binta minti ashirin. Ta je Daura, ta bi kwatance har ƙauyen, ta tarar uwar ta rasu da daɗewa, sai wata ƙanwa da ba ta taɓa sani ba mai irin tafin hannunta. Ta kwana ɗaya ta dawo. Ba ta tambayi Inna komai ba, don lokacin ma Inna ta daina gane ranaku. Ta ci gaba da yi mata wanka da ba ta abinci a baki, sai dai ta fito da tasar nan daga adaka, a ciki take dama mata koko.

Fitowar ƙarshe da la'asar ce. Wata maƙwabciya ta shigo dubiya, ta zauna kusa da Inna, tana gwada ta kamar yadda masu dubiya ke yi. Ta nuna Binta da ke tsugune tana wanke tasar, ta ce, "Hajiya, kin gane wannan? Wace ce? Faɗi sunanta." Inna ta dubi Binta ta daɗe. Sai ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta, ta juya ta fuskanci bango, ta ce ƙasa-ƙasa, "Wannan yarinyar ce." Maƙwabciya ta girgiza kai ta ce Allah sarki, har sunan ya tafi. Kamara na kan bayan Binta, hannunta ya tsaya cak a cikin ruwan wanke-wanke.

A gefen wannan shafi na rubuta wa darakta da jan biro cewa kada a sa kiɗa, kada a matso da kamara kan fuskarta, a ƙirga goma sannan a yanke.